Hannun Mai Haƙar Kwal

Lupeni, 12 ga Satumba, 2004

Tanti Olimpia,

Ina sumbatar hannunki. Sabin ne, ɗan Anica, 'yar kawunki Vasile. Rabonki da ni tun ranar da muka binne Mama, shekara tara ke nan, don haka ko kin manta fuskata ba laifi. Ni ne dogon nan da ya riƙe miki lema a maƙabarta. Ina fata kina lafiya, gwiwoyin da kika yi ta kuka da su ranar sun yi sauƙi. Mu nan ƙalau muke. Matata Dorina tana gaishe ki. 'Yarmu Sanda tana Torino tana jinyar wata tsohuwa, takan bugo waya ran Lahadi.

Na bar ramin kwal a watan Yuni. An rufe ɓangarenmu, aka ce duk wanda ya haura shekara ashirin a aiki ya sa hannu ya tafi gida. Ni na yi ashirin da uku. Yanzu aikina gasa wa Dorina tattasai da yalo a bayan gida, ita kuma tana ta ɗura miyar zacuscă da take yi da su a kwalabe kamar an ce mata za a yi yaƙi.

Ga abin da ya sa na dame ki. Dorina tana da ɗan shagon gyaran gashi a ƙasan benenmu, akwai kuma wani ɗaki a baya da ba a komai da shi. Mata suna yawan tambayarta gyaran fuska da gira, sai ta ce su tafi Petroșani, domin ba a taɓa fuskar mutum sai da takardar shaida ta gwamnati, masu duba shaguna kuwa ba sa wasa. To, ofishin ƙwadago zai buɗe kwas a Petroșani wata mai zuwa, mun sa suna. Mama takan ce kin shekara talatin da tara a wannan sana'a, har matan kyaftin-kyaftin na jiragen ruwa suna bin layi a ƙofarki. In littattafanki suna nan, ki taimaka ki ara mana. Za mu riƙe su da kyau.

Naki,
Sabin

Brăila, 25 ga Satumba

Ɗan Anica,

Na gane ka sarai. A kan kanka ka riƙe lemar, ni ruwa ya gama da kafaɗata, na yi mako biyu ina mura. Gwiwoyi suna nan yadda suke, a shekara saba'in da shida ba sa jin magana. Ban da su lafiyata lau. Ka ce wa Sanda ta riƙa cin abinci, jinyar tsofaffi tana cinye mutum.

Na sa littattafai biyu a gidan waya, da littafin rubutuna mai baƙin bango. Wannan na ukun shi ne abin, sauran biyun kowa ma zai iya rubuta su. Kada a karanta shi a kicin.

Yanzu ka miƙa wa Dorina takardar nan, da ita nake.

Dorina, 'yata, na ji daɗi. Amma kada ki ɗauka don kin iya gashi kin iya rabin aikin. Mai gyaran gashi tana tsaye a bayan mace, suna kallon juna a madubi suna gulma. Mai gyaran fuska tana zaune a saman kanta, macen tana kwance, ba hoda ba jan baki, ido a rufe. Ki yi tunani, mutum nawa kika taɓa rufe wa ido kika kwanta a gabansu? Shi ya sa gwamnati take tambaya kafin ta bari.

Ni a Bucureşti na yi jarrabawa a 1951. Shugabar masu jarrabawar ta fara da duba farcenmu, ta kori 'yan mata uku tun ba su taɓa kowa ba. Don haka ki yanke farce, ki cire zobe, ki bar tafarnuwa da safe, ki ɗumama hannu kafin ki taɓa mutum.

Kai kuma Sabin, tunda ba ka da aikin yi, ka koyi tuƙa mămăligă, tuwon masarar nan namu. Mace ba za ta dawo daga makaranta ta tarar da ƙato yana jiran abinci ba.

Olimpia

Lupeni, 10 ga Oktoba

Tanti,

Ina sumbatar hannunki. Littattafai sun iso lafiya, mun gode. Muna lafiya, sanyi ya fara saukowa daga tsauni.

Dorina ta karanta nata ɓangaren, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Laifina ne, kunya ce ta sa na rubuta “mun sa suna”. Tanti, sunana aka sa. Ni ne ɗalibin.

Ki bari in yi bayani. Ba sa karɓar wanda bai gama sakandare ba. Dorina a aji goma ta tsaya, ni kuwa na ƙarasa a makarantar yamma lokacin da nake son zama shugaban ayari a rami. Sai muka ce ni in je in samo takardar, a rataya ta a bango da sunana, Dorina ta koya daga wurina ta riƙa yin aikin. Ni nawa sharar shago.

Ban san haka abin yake ba. Awa dubu ɗaya da tamanin ne, ɗari uku da sittin a aji, sauran a ɗakin gwaji, kowace awa sai an sa mata hannu a rajista. Sai takardar likita: jini, fata, hoton ƙirji. Sai jarrabawa ta rubutu da ta hannu a gaban kwamitin da ba su san ka ba. Lokacin da aka ba ni izinin riƙe nakiya a rami ba a tambaye ni rabin wannan ba.

Ranar farko na shiga aji, mata goma sha bakwai suka juyo suna kallona. Malamar, Doamna Ilona, 'yar guntuwa mai farin gashi, ta ɗago ta ce, “Bawan Allah, famfon da ya lalace yana ƙarshen baranda.” Na ce ni ne lamba tara a takardarta. Ta duba, ta sake dubawa, ta ce, “Kawo hannunka.” Ta juya su gaba da baya, ta ga shuɗayen tabon nan da kwal yake bari in ya shiga rauni. Na ce ba datti ba ne, ba ya fita. Ta ce, “Na sani, a garin nan aka haife ni. Kantar nan fa? Da ita za ka goge wa mutane fuska ko tukunya?” Yanzu kullum ina jiƙa hannu a ruwan ɗumi, in goge da dutse, in shafa gilisarin da lemun tsami. Dorina ta ce ta auri namiji, an musanya mata.

Amma ga abin da nake so in gaya miki. A darasin farko ta ce fatar da muke gani a sama matacciya ce, ta ƙasa ce mai rai, tana ta turowa, cikin kamar mako huɗu an sake ta gaba ɗaya. Na zauna ina kallon bayan hannuna. Tun Yuni ke nan na sake fata sau huɗu, ban sani ba, ba wanda ya tambaye ni. Wadda ta shiga rami tare da ni ta daɗe da zubewa. Har motar da zan hau ta wuce ni ina tsaye a tasha ina wannan tunani. Ke kin san wannan shekara hamsin, kina yawo a gari kamar kowa?

Naki,
Sabin

Brăila, 24 ga Oktoba

Sabin,

Ina lafiya, ko in ce ina lafiya kafin takardarka ta zo.

Zamanka namiji bai dame ni ba. Wanda ya koya wa malamata ma namiji ne. Abin da ya hana ni cin abincin rana shi ne wannan dabara taku ta rataya suna a bango. Ka san me sunan yake cewa? Cewa yake yi, ni na taɓa fuskar nan, ni za a tambaya. A shekarata ta shida a aiki wata abokiyar aikina ta bar ƙanwarta ta shafa wa wata amarya maganin ɓare fata, don ta ga ana yi. Minti biyu kawai ta ƙara a kan ƙa'ida. Na ci gaba da haɗuwa da matar nan a kasuwar kifi shekara talatin, kullum da gyale ta rufe kumatun hagu.

In Dorina tana son aikin, ta koma makaranta. In kai kake so, ka yi shi da gaske. In ba haka ba ka dawo mini da baƙin littafina. Hannun da ya shekara ashirin da uku yana fasa dutse ba a ɗora shi a fuskar mace.

Ka buɗe shafi na goma sha ɗaya.

Olimpia

Lupeni, 5 ga Disamba

Tanti,

Ina sumbatar hannunki, da fatan sanyin kogin Dunărea bai matsa wa gwiwoyinki ba. Dorina lafiya. Na jinkirta amsa domin maganarki ta ƙarshe ta zauna mini a ƙirji. Wataƙila gaskiyarki ce game da hannuna. Littafin dai ban dawo da shi ba.

Na buɗe shafin. Kin rubuta mutum ya rufe idonsa ya ɗora yatsa a kai, nauyin da ido zai ɗauka bai ji zafi ba, shi ne nauyin da ake sa wa fuska. Ina yi a mota kullum, mutane suna zaton ciwon kai nake.

Mun fara ɗakin gwaji. Akwai wata fitila mai gilashin ƙara girma. Ranar da na fara leƙa fuskar mutum ta cikinta, ta wata 'yar ajinmu ce, na manta abin da aka ce in duba. Tanti, ashe haka muke? Ramuka, 'yan gashi kamar ciyawa bayan ruwa, jijiyoyi ja sirara da suka fi zare, ga jini yana wucewa a ciki ina gani. Doamna Ilona ta ce, “Lamba tara, ba sinima ka zo ba.” An sa mu haddace naman fuska ɗaya bayan ɗaya, wanda yake ɗaga gira, wanda yake tsuke baki, wanda ba ya motsi sai murmushin na gaskiya ne. Yanzu ba na iya kallon kowa yadda na saba.

Jiya ranar Waliyiya Varvara ce, mai tsaron masu haƙar kwal, na je coci da tsofaffin abokan rami, daga nan muka zauna shan giyar ţuică. Gicu, wanda muka yi shekara goma sha biyar a ayari ɗaya, ya miƙe ya ce, “Ku matsa wa Madam Sabina! Zo ki cire mini gira, masoyiya, ina da biki.” Aka yi ta dariya. Na matsa kusa da shi don in rama, sai na ga wani baƙin tabo a saman kunnensa, gefensa ba daidai ba, launinsa biyu. Irinsa aka nuna mana a hoto aka ce kada mu taɓa, mu tura likita. Na gaya masa. Ya ce in tafi in yi wa uwata kwalliya.

Sai labari mara daɗi. Hoton ƙirjina ya fito, likita ta ce akwai inuwa a huhu biyun. Har sai an san ko mece ce ba za ta sa hannu ba, kuma ba a sunkuya a kan fuskar mutum da ƙirjin da ba a sani ba. Doamna Ilona ta ce in tattara kayana. Ranar Laraba za su kwantar da ni.

Sabin

Brăila, 9 ga Janairu, 2005

Sabin,

Barka da sabuwar shekara, in tana da barka. Na rubuto maka kafin Kirsimeti, shiru. Wace irin inuwa? Wane asibiti? Mutum ba ya rubuta wa tsohuwa “za su kwantar da ni” ya ajiye alƙalami. Ba ku ba ni lambar waya ba, ni ma ban tambaya ba, don ban ɗauka zan buƙata ba.

Olimpia

Brăila, 13 ga Fabrairu

Dorina,

Ke nake tambaya tunda shi ya yi shiru. Mijina Aurel ma da inuwa aka fara, wata bakwai ya yi. In abin da nake tsoro ne, ki gaya mini kai tsaye, na iya jin irin wannan labari. Na ba da sunansa a coci a yi masa addu'a cikin masu rai, kowace Lahadi ina tsayawa da fensir ban san ko a wane layi zan sa shi ba, na masu rai ko na matattu.

In yana iya karatu, ki ce masa maganar da na yi kan hannunsa rabinta na rubuta. Ina nufin ba a ɗora shi haka nan, sai an koya masa. Shi ya sa na tura shi shafi na goma sha ɗaya. Wanda na fid da rai da shi ba na ba shi shafi. Haushi ne ya cinye sauran jimlar.

Olimpia

Lupeni, 6 ga Maris

Tanti,

Ina sumbatar hannunki sau biyu, ɗaya na gaisuwa, ɗaya na neman gafara. Ina raye, ki bar ni a layin da nake. Dorina ta karanta takardarki ta jefe ni da tawul, domin na ce mata na riga na rubuto miki.

Ba tarin fuka ba ne, ba kuma irin na mijinki Nenea Aurel ba, Allah ya ji ƙansa. Ƙurar dutse ce ta shekara ashirin da uku. Ba ta kama kowa, ba ta kuma fita. Likitan asibitin ya nuna mini hoton a jikin fitila, fari-fari kamar an watsa gishiri. Ya ce zai ƙaru a hankali, hawa bene zai fara yi mini wuya, amma in na guji ƙura da hayaƙi akwai sauran shekaru. Ya tambayi aikin da nake nema. Da na gaya masa ya cire tabarau ya dube ni, ya ce, “Ɗaki mai tsabta, a zaune, da tururi? Ko ni na zaɓa maka ba zan fi haka ba.” Ya buga hatimi.

Mako bakwai aka yi kafin a kai nan. Ban rubuto ba don na ce in an kore ni, ga Tanti ta faɗa tun farko. Da aka mayar da ni kuma, sai na tarar awa ɗari da casa'in sun wuce ni, kuma ko ɗaya ba a yafewa. Doamna Ilona tana buɗe mini ɗakin gwaji ran Asabar, tana zaune tana saƙa tana cewa, “A hankali, lamba tara, ba bango kake shafe ba.”

Gicu ya je asibiti, matarsa ce ta ja shi. Sun yanke saman kunnen, sun ce da ya kai bazara da labari ya canja. Ya zo shago da bandeji, ya tsaya a ƙofa yana juya hula, ya ce, “To, Madam.” Iyakar abin da ya ce ke nan, ya ajiye kwalba ya tafi. Na daɗe a zaune. Darasi guda ne fa, Tanti, na ranar wata Talata, har na kusa yin gyangyaɗi a cikinsa.

Maganar rataya suna ta mutu. Ni zan yi aikin. Dorina ta ce dama ita ba ta son matse wa mutane ƙuraje.

Jarrabawa 17 ga Yuni. Kowa zai zo da wadda zai yi aiki a fuskarta. Nan ne na maƙale. Dorina da na taɓa haɓarta sai ta fashe da dariya, mun gwada sau shida. Matan benenmu kuwa kowace ta ce mijinta ba zai so ba. Akwai lokaci tukuna.

Naki,
Sabin

Brăila, 8 ga Mayu

Barka da Ista, Almasihu ya tashi!

Sakarai ɗan sakarai. Na yi kuka, sannan na ci kifi biyu.

Ka daina roƙon matan bene. Zan hau jirgin ƙasa ranar 16 ga Yuni, in canja a Bucureşti, ku tarye ni a Petroșani. Fatata busasshiya ce, sirara, ta tsufa, duk abin da ɗalibi yake tsoro yana nan. Kada ka ɗauka alfarma zan yi maka. Zuwa zan yi in ga abin da aka yi da littafina, in kuma ka yi kuskure ni zan fara gaya wa kwamitin.

Olimpia

Lupeni, 19 ga Yuni

Tanti,

Ina sumbatar hannunki. Kin isa lafiya? Dorina ta bi ki har bakin titi, ta ga kin shiga tasi ko waiwaye babu. Jakar kayanki tana nan, da cukun da ta ƙulle miki.

Tunda ba ki tsaya jin sakamako ba: na ci. Bakwai da ɗigo biyu a rubutu, tara da rabi a aikin hannu. Takardar za ta fito wata mai zuwa da hatimin ma'aikatu biyu. Ya kamata in yi murna, ina kuma yi, amma tun shekaranjiya ina bin aikin daki-daki ina neman inda na ɓata miki.

Na fara da ɗaura miki ƙyallen kai. Kin ce a hankali, “Ban san ka ba, ba ka san ni ba, yi aikinka.” Na wanke, na duba a fitila, na gaya wa kwamitin abin da na gani, na rage tururi saboda jijiyoyin kumatunki. Sai tari ya taso mini. Na ga likitar kwamitin ta ɗago kai. Na juya baya, na yi tarina, na sake wankewa har gwiwar hannu, na ɗumama su, na dawo. Ko wannan ne?

Ko tausar ce? Da na fara, muƙamuƙinki kamar ƙarfe, leɓenki yana motsi, na gane ƙirga mini kike yi. Na ji tsoro ƙwarai. Daga nan ban san abin da ya faru ba. Na daina jin 'yan kwamitin, na daina tuna shafi. Fuskarki kawai nake ji a yatsuna, inda ƙashi yake kusa, inda nama ya saki, wani ƙulli a tsakanin gira da na tabbata ya girme ni. Ina ta mamaki a raina, shekara saba'in da bakwai wannan 'yar fatar da ba ta kai kaurin takarda ba tana tsare mutum daga duniya, ga shi an bar ni in taɓa. Da Doamna Ilona ta ce lokaci ya yi, na ɗauka minti biyar aka yi, ashe ashirin ne.

Sun kewaye ki da fitila suna dubawa, ke kuwa ido a rufe, fuska a ɗaure kamar mai jin zafi. Shugabar ta tambaye ki ko akwai abin da za ki ce, kika girgiza kai. Suna cewa an gama kika ɗauki jakar hannu kika fita.

Ki gaya mini ko mene ne. Na fi son in ji daga gare ki kafin in taɓa wata.

Naki,
Sabin

Brăila, 28 ga Yuni

Sabin, ɗana,

Na iso lafiya, gwiwoyi sun kumbura kwana uku, kumburin ya sauka. Ka ba Dorina haƙuri, cukun ku cinye, jakar ku riƙe.

Kurakuranka biyu ne. Girar hagu ka cire gashi ɗaya da bai kamata ba, tawul na biyu kuma ya ɗan huce. Tarin ba kuskure ba ne, abin da ka yi bayansa shi ya ba ka rabin makin nan.

Yanzu abin da ya fitar da ni. Shekara talatin da tara ina zaune a saman kan mata, ban taɓa kwanciya a gadon ba. A makaranta mun gwada a junanmu, amma wannan ba a lissafa shi, muna yi muna dariya. Bayan nan ba lokaci, kuma wa zan yarda da ita? Tun rasuwar Aurel, shekara goma sha ɗaya, ba wanda ya taɓa fuskata sai likitan haƙori. Ban taɓa lura ba sai da na kwanta a gabanka.

Na zo da niyyar ƙirga maka, gaskiya ne. Na kai arba'in da wani abu, sai lissafin ya ɓace mini. Na sha ganin mata suna tashi daga gadona ido jajur, suna cewa tururi ne, ni kuma in ce a raina sangarta ce ta matan kyaftin. Sabin, ashe abin da nake yi musu ke nan duk shekarun nan? Ban sani ba. Na yi aikin, na koyar da shi, na rubuta littafi a kansa, ban san mene ne shi ba sai ranar Juma'ar nan.

Kuka ne ya taso mini, irin wanda ba a yi a gaban mutane. Ga hoda ka shafa, ga kwamiti suna zuwa da fitila. Hawaye ɗaya zai ja layi a kumatu su rage maka maki. Shi ne na ɗaure fuska, na ciji harshe, da ta tambaye ni na kasa buɗe baki. Na riƙe har cikin tasi. Direban ya tambaya ko rasuwa aka yi mini, na ce ya kula da hanyarsa.

Ka riƙa buɗe taga tsakanin mace da mace, kada ka yarda Dorina ta fesa maganin gashi ƙofarka a buɗe, kada kuma ka karɓi fiye da biyar a rana ko sun yi layi. Za su yi.

Saura abu ɗaya. Wajen ƙarshen tausar, a nan gefen ido inda ƙashi yake lotsawa, ka tsaya da yatsu biyu, ka yi wani abu kamar juyi kamar jira, sannan ka saki a hankali har bayan kunne. Babu shi a littafina, babu a sauran biyun, ba kuma na Ilona ba ne, na ga hannunta. Tun daga tashar Craiova nake gwada shi a fuskata a cikin jirgi, wata mata tana kallona. Na gwada a gida gaban madubi, da yatsu biyu, da uku. Bai fito ba.

Ka zauna ka tuna yadda ka yi, ka rubuto mini shi dalla-dalla, wane yatsa ne ya fara, ina ɗayan yake, numfashi nawa ka jira. In ba ya rubutuwa, ka zana.

Tantinka,
Olimpia